Wiwin Beryl da Ƙarfen Shanya

Ranar Talata ce, farkon Disamba, lokacin zafi a ƙasar nan. Zafi ya fara tun kafin ƙarfe takwas, babu gajimare ko ɗaya. A ranar Beryl Cudmore ta tafi birnin Hobart. 'Yarta ce ta haihu, za ta zauna da ita mako bakwai.

Ni ne maƙwabcinsu na hannun hagu. Sunana Clarrie. Shekara arba'in na yi ina askin tumaki, yanzu ina zaune. Shingen da ke tsakaninmu bai kai ƙirjina ba, don haka har abin da ban nema ba ina gani.

Beryl na da wiwi tushe biyu a bayan gida, dab da ƙarfen shanya. A nan Canberra doka ta yarda, mutum ɗaya tushe biyu. Ba sha take yi ba. Yatsunta ne suka kanannaɗe da ciwon gaɓɓai, in sanyi ya shigo a watan Mayu ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Takan dafa furen a man kwakwa ta shafa, ta ce da shi take iya riƙe allurar saƙa. Ni ba likita ba ne. Na dai ga safar da ta saƙa mini. Irin wiwin kuwa na ƙanenta Errol ne da ya rasu. Ƙwaya biyu suka rage mata, su ne ta shuka, kuma ba shagon da ake sayar da wani.

Tasi na jira a waje ta tsayar da mijinta, Merv, a gaban shukar.

"Ruwa," in ji ta. "Da safe. Shi ke nan."

"Na ji."

"Me na ce?"

"Beryl, shekara goma sha ɗaya na yi a sashen gandun daji."

"A ɗakin ajiye fayil ka yi su. Me na ce?"

"Ruwa."

"Clarrie, kai ne shaida."

Na ce to.

Tasi bai gama shan kwana ba Merv ya fito da almakashin lambu. Mutum ne mai tumbi, kullum cikin gajeren wando da doguwar safa har gwiwa, kuma tun da ya yi ritaya bai sami wanda zai yi wa bayani ba sai ni.

"Clarrie, me doka ke ƙirgawa?"

"Ban sani ba."

"Tushe. Ba ta ƙirga reshe. Ka ga inda gwamnati ta yi barci? Na san su, da su na yi aiki. In ka datse kan shukar nan, biyu ke fitowa. Ka datse biyun, huɗu. Huɗu, takwas. Kafin matar nan ta dawo, sai ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashi kafin ta kai ƙofar kicin."

"Ruwa ta ce."

"Iyakar saninta ke nan, mutumina. Ba laifinta ba ne."

Ya datse kan ta farko, ya datse kan ta biyu, ya jefa su ta bayan kafaɗarsa. Suka tsallake shingen dama suka faɗa lambun Toula.

Toula Kalantzis Bagirkiya ce, mijinta ya rasu, ta ba saba'in baya. Tumatir da kuɓewa da ɓaure take nomawa, rabi a ƙasa rabi a gwangwanayen man zaitun. Mace ce da in ta soka sandar tsintsiya a ƙasa sai ta yi ganye. Farfesa take kiran Merv, shi kuma yana amsawa.

"Farfesa, shararka ta faɗo mini."

"Taki ne. Kyauta na ba ki."

Ta tsince su, ta juya su a hannu, ta sa a aljihun rigar aikinta. Na ɗauka bola za ta kai.

Bayan kwana biyar kowace shuka ta fitar da toho biyu, daidai yadda ya faɗa. Abin da ya kashe shi ke nan. Da abin bai yi ba, da ya haƙura. Ya kira ni na gani, ya kira Toula, ya kira mai kawo wasiƙa. Ya ce littattafai na cewa a jira shuka ta huta kafin a sake datsewa, amma masu rubuta littattafai ba su da mako bakwai kawai. Daga nan duk kwana uku sai ya datse. Toho ya leƙo, almakashi ya tarye shi.

A mako na biyu ya gano cewa ganye ɓarawo ne.

"Dubi girmansa. Abincin da ya kamata ya tafi reshe, shi ke cinyewa. Me yake yi? Zaune yake kawai a rana."

"Aikinsa ke nan, Farfesa," in ji Toula daga can. "Zama a rana. Kamar kai."

"A Girka haka ne. Nan ƙasa daban ce."

"Shekara hamsin ina noma a ƙasar nan."

"Tumatir."

Ya tsige manyan ganyen tas. Na yi wa tumaki aski fiye da yadda zan iya tunawa, ban taɓa barin tunkiya tsirara haka ba. Kashegari zafi ya kai digiri talatin da takwas. Zuwa yamma shukar ta sunkuyar da abin da ya rage mata na kai.

Merv ya ce yunwa ce. Ya je bayan gari ya dawo da ɗanyen kashin kaji buhu uku, ya juye a gindinsu. Ƙudan unguwar duka suka yi ƙaura zuwa gidansa. Mai kawo wasiƙa ya daina tsayawa, daga kan babur yake jefowa. Ƙananan ganyen da suka tsira suka koma ruwan ɗorawa, bakinsu ya ƙone.

Merv ya ce rana ce. Ya ɗauko zanen gadon Beryl mai furanni, na baƙi, ya ɗaure a kan ƙarfen shanya ya yi musu rumfa. Ruwa kam ya ba su, ba a ce bai ba su ba. Safe, rana, yamma, har ƙasar ta zama kunu.

Ana gobe Kirsimeti ya zo bakin shinge da waya a hannu.

"Beryl hoto take so."

"Ɗauka mata."

Ya dubi shukar. Ni ma na duba.

"Ba lokacin hoto ba ne. Suna tsakiyar aiki."

Da Toula ta tafi coci sai na ga ya miƙa hannu ta kan shingenta, ya ɗauki hoton kuɓewarta daga nesa. Ya ce ganyen ya yi kama, kuma idon Beryl ba kamar da ba. Amsa ta zo kafin ya koma ciki. Ya karanta mini da kansa, don bai ga abin da ke ciki ba.

"Ta ce, 'Sun yi kyau. Tun yaushe wiwi ke fure rawaya?'"

"Me ka ce?"

"Na ce sabuwar dabara ce."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ta gamsu."

Shekara ashirin ina maƙwabtaka da Beryl. In ta yi shiru, ba gamsuwa ba ce.

Bayan sabuwar shekara ya shiga abin da ya kira mataki na biyu, wato horar da rassa. Ya ce reshe kamar ƙaramin ma'aikaci ne, in ba a nuna masa hanya ba ba ya zuwa ko'ina. Ya kafa turakun tanti kewaye da shukar, ya ɗaure kowane reshe da zaren kamun kifi. Zaren ba ya ganuwa. A rana ɗaya ya harɗe da shi sau uku, na ukun da butar ruwa a hannu, ya tafi da reshe guda. Da safe fararen aku suka sauko daga bishiyar turare, su goma sha wani abu, suka tsinke sauran zaren ɗaya bayan ɗaya. Ba ci suke yi ba. Haka suke.

Ya tsaya yana kallon sama, yana neman wanda zai zaga, sai idonsa ya faɗa kan ƙarfen shanya.

Irin na kowane gida ne. Sanda ɗaya a tsakiya, hannuwa huɗu kamar lema, da mariƙin da ake murɗawa ya ɗaga. Na Beryl in yana ƙasa a kulle yake, ba ya motsi. In aka murɗa ya ɗaga sai ya saki, iska ta riƙa juya shi don kaya su bushe. Duk wanda ya taɓa shanya ya san haka. Merv shekara arba'in da ɗaya da aure, ko hankici bai taɓa shanyawa ba.

"Clarrie, an gama. Inji na tsaye a gidana ban sani ba. Zan ɗaure rassan a hannuwan nan. Kullum in murɗa sau ɗaya. Su tashi, su buɗe, kamar lema."

"Ƙasa ake jan reshe, Farfesa," in ji Toula. "Ba sama ba."

"In kowa na ja ƙasa, wa zai ja sama? Haka ake ƙirƙira."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi."

"Me ta ce?"

Na ce ban ji ba.

Ranar Juma'a ya wuni yana ɗauri. Zaren kifi ya ƙare, ya shiga kwandon saƙar Beryl ya ɗebo jan ulu, wanda ta ajiye don rigar jariri. Ya ga ulu na iya tsinkewa, sai ya ƙara da igiyar tanti, ya ɗaure ta a wuyan kowace shuka, ɗauri uku uku. Ya ce don tabbaci. Bai murɗa ba. Murɗawar farko, in ji shi, ba a yin ta ba shaidu.

Asabar ya gayyaci layinmu duka da abokansa na kulob. Ya hura gawayi, ya gasa nama da albasa, ya cika baho da ƙanƙara da giya. Mutum ya kai ashirin. Sun zo ne don nama, amma iska ta kawo musu warin kashin kaji, sai kowa ya koma ci a tsaye daga can gefen katanga. A cikinsu akwai Athol, tsohon magatakardar kotu, dogo siriri, wanda suke sa-in-sa da Merv tun suna samari.

"To, ina shukar?" in ji Athol.

"Ga ta a gabanka."

"Au. Na ɗauka sandunan tumatir ne."

"Ido marar horo haka yake gani."

"Wannan da rai?"

"Tana tara ƙarfi."

"A ina take ajiyewa?"

Wajen ƙarfe huɗu iska ta juyo daga kudu, kamar yadda takan yi bayan kwanakin zafi. Zanen gadon ya fara kumbura. Merv ya buga cokali a kwalba, ya hau kan akwatin giya. Daidai nan na ga tasi ya tsaya a waje. Beryl ta shigo ta ƙofar gefe da jakarta, kwana goma kafin ranar da ta faɗa, ta tsaya bayan jama'a. Toula ta gan ta. Athol ya gan ta. Merv kuwa bayansa ke wajenta, bai gan ta ba.

"Jama'a, abin da za ku gani yau ba a littafi yake ba. Uwargida ta bar mini shuka biyu ta ce ruwa. Mace ce ta kirki, amma a harkar kimiyya akwai inda haƙurin mace ke tsayawa."

Ba wanda ya yi dariya. Ya ɗauka girmamawa ce. Ya sauko ya kama mariƙin.

Na ce, "Merv, kar ka ɗaga."

"Clarrie, aji nawa ka yi a makaranta?"

"Shida."

"To."

Na ja da baya.

Ya murɗa sau ɗaya. Ulu ya miƙe. Ya murɗa na biyu, ya dubi jama'a. A na uku ƙarfen ya yi ƙas, ya saki.

Iska ta cika zanen. Ƙarfen ya ɗan yi tunani, sannan ya tafi. Ulu ya tsinke, igiyar tanti ba ta tsinke ba. Shukar farko ta fito daga kunun nan da saiwarta da ƙasarta, ba ta yi gardama ba. Ta biyu ta bi ta. Suka tashi sama suna zagayawa, kowace da dunƙulen kashin kaji kamar kan mutum a gindinta.

Ta farko ta share naman da ke kan wuta. Ta biyu ta sami Athol a kafaɗa, ta cire masa hula. Jama'a suka durƙusa. Merv ya ce, "Kowa ya kwantar da hankali, cikin shiri ne," sai ta farkon ta kammala zagayenta ta same shi a baki. Ya kama hannun ƙarfen don ya tsayar da shi. Ƙarfen ya ɗauke shi rabin zagaye, yana gudu da ƙafa ɗaya, ya ajiye shi zaune a ramin da shukar ta bari. Ya nutse har ƙugu.

Ƙarfen ya ci gaba da juyawa. Ba wanda ya matsa kusa.

Beryl ta ajiye jakarta. Ta sunkuya ta shiga ƙarƙashi, ta kama mariƙin da yatsun nan nata, ta murɗa baya sau uku. Ƙarfen ya sauka, ya yi ƙas, ya tsaya. Shukar biyu suka yi lilo kaɗan suka daina.

"Sannu da zuwa," in ji Merv daga ƙasa. "Ba yau muke sa ranki ba."

"Kuɓewa ce ta kira ni."

"Ruwa dai na ba su."

"Na gani."

Ta ɗago ta farko. Igiyar ta karya mata wuya. Ta biyu ta tsage biyu har ƙasa. Ta dubi Toula.

"In an mayar?"

"Ƙawata, tun makon jiya suka mutu. Yau jana'iza ce kawai."

Beryl ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi sauƙi. Ta tsaya tana warware jan ulun daga reshe, a hankali, don yatsun ba sa sauri.

"Na Errol ne na ƙarshe," in ji ta. Ba da kowa take ba.

Mutane suka fara neman hularsu da makullan mota. Toula ta fita ba sallama. Na ɗauka ita ma ta gudu. Sai muka ji ƙarar baro a kan tsakuwa. Ta turo shi ta ƙofar gefe, ciki gwangwanin man zaitun biyu. A kowanne akwai wiwi, tsawon gwiwa, kore shar, ya buɗe kamar kaza a kan ƙwai.

"Ranar da kika tafi suka faɗo mini ta kan shinge," in ji ta. "Ni kuwa ba na iya ganin reshe a ƙasa."

Beryl ta durƙusa ta taɓa ganyen.

"Za su yi fure kafin sanyi?"

"Za su yi. Ba kamar na bara ba, amma za su kai ki bazara in kin yi tattali."

Athol na goge kafaɗarsa da burodi. Aikin kotu bai sake shi ba.

"Ni dai in faɗa, doka ta yarda a shuka, ba ta yarda a bayar ba."

"Wa ya bayar?" in ji Toula. "Kayanta ne suka faɗo gidana, na dawo da su. In rigarka ta faɗo ma zan dawo maka da ita. Sai dai waccan a wanke tukuna."

Merv ya fito daga ramin. Takalminsa ɗaya bai fito ba. Ya zagaya gwangwanayen, hannu a baya.

"Sau nawa kika datse?"

"Sau ɗaya. Da farce."

"Sannan?"

"Ruwa."

Ya gyaɗa kai, ya juyo ga waɗanda ba su riga sun tsere ba.

"To kun gani. Wa ya tura su can? Ni. Tun ranar farko. Mai dabara ba ya tara irinsa a wuri guda. Waɗancan na gwaji ne, waɗannan su ne ainihin—"

"Merv," in ji Beryl. "Almakashi."

Ya ciro shi daga aljihun baya. Ta karɓa, ta zo bakin shinge ta miƙo mini.

"Clarrie, ajiye."

"Har yaushe?"

"Har in ɗayanmu ya mutu."

"In ya roƙa fa?"

"Aji shida ka yi. Ka ce ba ka gane ba."

Ta koma ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi zanen gadonta na baƙi.

"Daga yau ruwan ma ba naka ba ne. Amma tunda ƙarfen nan ya burge ka, na bar maka shi."

Kashegari Lahadi. Iskar ta kwanta, da ɗan sanyi. Gwangwanayen biyu na kan matakalar kicin, inda Beryl ke ganinsu ta taga. Ƙarfe bakwai Merv ya fito da kwandon wanki a kan tumbinsa, zanen gado a sama. Ya daɗe yana shanyawa. Ya ɗago safa ɗaya ya nuna mini.

"Clarrie, ka san yawancin mutane ba su iya shanya safa ba?"

Na ce ban sani ba.

"Ta baki suke maƙalawa. Kuskure ne. Zan yi maka bayani."

Ya maƙala ta, ya kama mariƙin ya murɗa. Sau ɗaya, sau biyu. Kafin na uku ya leƙa taga, ya sunkuyar da kai, sannan ya murɗa.